Yayen Maruƙa da 'Ya'yan Tumaki da Wuri a Fadamar Haɗeja

Gabatarwa

Kalmar yaye, a wurin Bahaushe, ta fi tafiya da ɗan mutum. Idan yaro ya kai shekara biyu, ko kusa da haka, sai a kai shi gidan kakarsa ko wata dattijuwa a cikin dangi, a raba shi da mama, har ya saba da kunu da tuwo. Matar da ta ɗauki ciki tun ba ta yaye na goye ba, an ce ta yi kwanika, kuma abin gori ne gare ta a tsakanin mata. Watau dai tun da can Hausawa sun lura da cewa akwai dangantaka tsakanin shayarwa da tazarar haihuwa. Wannan dangantaka tana nan ga dabbobi ma, sai dai abin da ake gudu ga mace shi ne makiyayi yake nema ga saniyarsa, domin shi burinsa ta haihu a kai a kai. A wannan maƙala za a duba abin da ake nufi da yaye maraƙi ko ɗan tunkiya da wuri, da abin da yake faruwa a cikin cikin dabbar lokacin da aka yi haka, sa'an nan a auna shi da halin da kiwo yake ciki a fadamar Kogin Haɗeja, inda dubban shanu da tumaki suke cin rani kowace shekara.

Fadamar da masu cin rani a cikinta

Kogin Haɗeja ya samo ruwansa ne daga Kogin Kano da Kogin Chalawa. Bayan ya wuce garin Haɗeja sai ya shiga ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai jigayi, ya rarrabu, wani reshe ya nufi tafkin Nguru ta Marma, wani ya bi Burum Gana, har su je su gamu da ruwan Jama'are su zama Kogin Yobe. Damina a wannan yanki gajeruwa ce, daga Yuni zuwa Satumba, ruwan da ake samu a shekara kuwa bai cika wuce milimita 600 da wani abu mai yawa ba. Saboda haka arzikin ƙasashen Auyo da Kirikasamma da Guri ya dogara ne ga ambaliyar da kogin yake yi a watannin Agusta da Satumba. In ruwa ya fara janyewa da kaka, sai ya bar ɗanyar ciyawa irin su burugu da roba, a daidai lokacin da ciyawar tudu ta bushe. Wannan ne yake jawo Fulani da garkunansu, farfaru da rahaji, daga Gumel da Birniwa, har da na ƙetaren iyaka daga Jamhuriyar Nijar, su zauna a fadama har faɗuwar ruwa.

To, amma fadamar da dattawa suka sani ta ragu ƙwarai. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Chalawa kuma a 1992, ga fari na 1972 zuwa 1973 da na 1983 zuwa 1984. Filin da ruwa yake malalewa, wanda ya haura murabba'in kilomita 2,000 a ƙarshen shekarun 1960, ya koma ƙasa da rabin haka a farkon shekarun 1990. Bugu da ƙari, da gwamnati ta hana shigo da alkama a 1987, kuma ƙananan injinan ban ruwa suka yawaita a hannun manoma, sai aka nome gaɓar kogi da alkama da shinkafa da kayan lambu, wuraren da a da makiyaya ne da mashaya. Daga baya kuma kacalla ta mamaye hanyoyin ruwa, ciyawar da in ta ƙosa dabba ba ta samun abin kirki a cikinta. Abin da wannan ya haifar shi ne, saniya mai shayarwa tana shiga bazara da ƙashin haƙarƙari a waje, ga maraƙi yana tsotso, ga mai gida yana tatsa. A nan ne maganar yaye da wuri ta sami wurin shiga.

Yadda aka saba

A rugar Bafulatani ba a cika tsayar da ranar yaye ba. Maraƙi yana kwana a ɗaure a dangwali, watau doguwar igiyar nan mai maɗaurai da ake jera maruƙa a jikinta, nesa kaɗan da iyayensu. Da safe sai a kwance shi ya je ya fara tsotso, in nono ya sauko a janye shi a ɗaure kusa da ƙafar uwar, a tatsi abin da za a tatsa, sa'an nan a sake shi ya ƙarasa saura. Haka za a yi ta yi wata tara, ko shekara, wani lokaci har fiye, sai saniyar ta ƙafe don kanta, ko kuwa ciki ya tsufa ta riƙa harbinsa in ya matso. Idan maraƙi ya ƙi bari, akan ɗaura masa takunkumin ƙaya a hanci, yadda duk lokacin da ya kai baki ga hantsa ƙayar za ta soki uwar ta kore shi. Wasu kuma kashin shanu suke shafa wa kan nonon.

Wannan hanya tana da dalilinta, kuma duk wanda zai yi maganar gyara ta dole ya fara fahimtar dalilin. Shanu masu tozo, irin waɗanda ake kiwo a ƙasar Hausa, galibi ba su sakin nono sai sun ga ɗansu, sun sansana shi, ya taɓa hantsa. Shi ya sa in maraƙi ya mutu, wasu makiyaya sukan feɗe fatarsa su cusa mata ciyawa, su kawo gaban uwar lokacin tatsa don ta yi zaton ɗanta ne. Shanun madara na Turai an daɗe ana zaɓen iri a cikinsu har suka rabu da wannan hali, don haka a can ana ɗauke maraƙi kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwa, a ci gaba da tatsar uwar wata goma. Ma'anar wannan bambanci babba ce. A gonar Bature, raba maraƙi da uwa yana ƙara madarar sayarwa. A rugar Guri kuwa, ranar da aka yaye maraƙi, daga ranar ƙwaryar nono ta fara sauka ƙasa.

Sai dai kuma akwai hasarar da ke ɓoye a cikin dogon shayarwa. Muddin maraƙi yana tsotso sau da yawa a yini, jikin saniya yana danne sinadaran da suke sa ta nemi bijimi, balle ma in tana fama da yunwa. Binciken da wata cibiyar nazarin dabbobi ta ƙasashen Afirka, wadda hedkwatarta take Adis Ababa a lokacin, ta gudanar a kan garkunan farfaru na Fulanin kudancin Kaduna a farkon shekarun 1980 ya nuna cewa karsana ba ta yin haihuwar fari sai ta kai wajen shekara biyar, tsakanin haihuwa da haihuwa kuma kimanin shekara biyu ne, sa'an nan wajen ɗaya daga cikin maruƙa biyar yana mutuwa kafin ya cika shekara. Nonon da ake tatsa daga saniya guda bai kai lita ɗaya a yini ba in aka yi kiyasin tsaka-tsaki. Waɗannan alƙaluma na wata ƙasa ce mai yawan ruwan sama, amma irin shanun ɗaya ne, hanyar tatsar ma ɗaya ce. Cikin saniya kwana 280 ne da 'yan kai. Ke nan saniyar da take haihuwa sau ɗaya a shekara biyu tana shafe fiye da shekara guda ba ciki, alhali tana cin ciyawa kamar kowace.

Abin da ke faruwa a cikin tumbi

Cikin saniya ko tunkiya ɗaki huɗu ne, mafi girma shi ne tumbi, inda ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suke ruɓar da ciyawa su mayar da ita abin da jiki zai amfana da shi. Jaririn maraƙi yana zuwa duniya da tumbi ƙarami wanda bai fara aiki ba. Ɗaki na huɗu, wanda ya yi kama da cikin mutum, shi ne babba a lokacin. In maraƙi yana tsotso, akwai wata tsoka da take naɗewa ta zama kamar kwararo, ta wuce da nonon kai tsaye zuwa ɗaki na huɗu ba tare da ya zuba a tumbi ba. Saboda haka nono, komai yawansa, ba ya gina tumbi. Abin da yake gina shi busasshen abinci ne da ruwa, musamman mai ƙwayar hatsi kamar dusa, domin ruɓewarsa ita take fito da sinadaran da suke sa 'yan tsirgogin nan na bangon tumbi, waɗanda kowa yake gani in ana wanke kayan ciki, su yi tsawo su yi kauri. Ciyawa kuma ita take buɗa shi ta ƙarfafa tsokarsa. Alamar da makiyayi zai gani da idonsa ita ce tuƙa. Maraƙin da yake kwanciya yana tuƙa sosai, tumbinsa ya kama aiki.

Daga nan za a gane cewa shekaru ko watanni ba su ne ma'aunin yaye ba. Ma'auni shi ne abin da ɗan dabbar yake iya ci. A gonakin madara na Turai da Amurka ana yanke wa maraƙi madara yana da mako shida zuwa takwas, amma sai an tabbatar yana cinye wajen kilo guda na haɗaɗɗen abinci a yini, kwana biyu ko uku a jere. A wuraren kiwon shanun nama kuma, inda aka saba yaye a wata shida zuwa takwas, abin da suke kira yaye da wuri shi ne wata uku ko huɗu, kuma sun fi yin sa a shekarar fari. Hujjarsu ita ce, ya fi sauƙi a ba maraƙi abincin kai tsaye da a ba uwar ta juya shi ya zama nono, domin a wajen juyawar ana hasara mai yawa. Saniyar da ta daina shayarwa bukatarta ta abinci tana raguwa da wajen kashi ɗaya cikin huɗu, sai ta fara mayar da jiki, ta nemi bijimi.

Akwai iyaka guda da ba a ƙetare ta ko ina. Dakashi, watau kakkauran nonon nan mai ruwan ɗorawa da yake fita a kwanakin farko, shi ne rigakafin jariri. Maraƙi ba ya samun garkuwar cuta daga uwarsa tun yana ciki, sai ta dakashi, kuma hanjinsa yana iya tsotse wannan garkuwa ne a yinin farko kawai, mafi kyau a sa'o'i shida na farko. Gidan da ake ɗebe dakashi a dafa wa yara tun maraƙi bai ƙoshi ba, an cuci maraƙin cutar da dusa ba za ta gyara ba daga baya.

Auna shi da kalandar Haɗeja

Shanu sun fi ɗaukar ciki da damina, lokacin da suka ƙoshi. Wadda ta ɗauka a Agusta za ta haihu a Mayu, a ƙarshen bazara. Wannan maraƙi ya yi sa'a, don makonni kaɗan ruwa zai sauka, nono ya yawaita. In Nuwamba ta zo yana da wata shida, kuma a lokacin ne ƙasar Haɗeja ta fi wadata da abincin dabbobi: ga harawar wake da ta gyaɗa, ga kowa, ga karan dawa da na gero a gonaki, ga dusa tana araha, ga ɗanyar ciyawa a inda ruwa ya janye. Yaye irin wannan maraƙi da kaka, maimakon a bar shi ya bi uwarsa har Maris ko Afrilu, ba shi da wani haɗari babba, kuma uwar, wadda mai yiwuwa ta riga ta sake ɗaukar ciki, za ta shiga rani da sauran kitse a jikinta.

Matsalar tana ga maraƙin da aka haifa a Disamba ko Janairu. Watanninsa na farko duka a rani za su faɗo. In ya kai wata uku, watau lokacin da littattafan Turawa suke cewa ana iya yaye shi, an shiga Maris ko Afrilu, harawa ta yi tsada a kasuwa, ciyawar fadama ta ƙare ko an kewaye ta da gonakin rani, zafi kuma ya kai matuƙa. Uwar wannan maraƙi ita ce ta fi bukatar a sauke mata nauyi, shi kuma shi ne ya fi shiga haɗari in aka sauke. Wanda zai yaye shi sai ya tanadi abinci mai gina jiki tun kaka: dusar gero ko ta alkama, da tunkuza ko dakakken ƙuli-ƙuli, da lallausar harawa, da 'ya'yan gawo, da ɗan gishiri ko kanwa, ya fara ba shi kaɗan kaɗan tun yana da mako biyu ko uku, a wani ɗan shinge da manyan shanu ba za su iya shiga ba. Angurya, wadda take da amfani ga manya, ba ta dace da maraƙin da tumbinsa bai ƙosa ba, saboda akwai guba a cikinta wadda sai ƙosasshen tumbi yake kashe ƙarfinta. Haka kuma tunkuzar da ta yi funfuna tana lalata hanta.

Maganar hanta kuwa ta kawo wani abu da ya keɓanta da fadama. Tsutsar da take jawo ciwon hanta tana rayuwa ne a jikin wata 'yar ƙaramar katantanwa ta ruwa mai kwanciya, daga nan ta manne a ganyen ciyawar bakin ruwa. Maraƙin da yake shan nono kaɗan yake ci daga wannan ciyawa. Wanda aka yaye kuwa ita ce abincinsa, ga shi kuma damuwar rabuwa da uwa ta raunana shi, yana yini yana kuka yana bin shinge. Don haka ya kamata a ba da maganin tsutsa kafin yaye, a kuma guji haɗa yaye da dandaƙa ko doguwar tafiya a mako guda, ruwan shansu kuma ya zama na rijiya in da hali.

Sai batun da ya fi kowane nauyi a ruga, wanda malaman dabbobi sukan manta da shi. Shanu na maigida ne, amma nono na mata ne. Da kuɗin kindirmo da man shanu Bafulatana take sayen gero da gishiri da sabulu a kasuwannin Haɗeja da Malam Madori da Kafin Hausa. In an ce a yaye maraƙi a wata uku, saniya ta ƙafe, ribar za ta fito ne bayan shekara guda, a matsayin ƙarin maraƙi a garken miji, hasarar kuwa gobe da safe za ta bayyana a ƙwaryar matar. Ga kuɗin dusa a kai. Ba abin mamaki ba ne in shawarar ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu. Abin da ya fi kusa da karɓuwa shi ne taƙaita tsotso: a bar maraƙi ya je wurin uwa sau ɗaya a yini, na ɗan lokaci bayan tatsa, sauran yinin yana kan abincinsa. An gwada wannan a kan shanu masu tozo a ƙasashen Amurka ta Kudu da wasu sassan Afirka, aka ga saniya tana ci gaba da ba da nono, kuma tana saurin komawa ga bijimi fiye da wadda ɗanta yake manne da ita. Akwai kuma dabarar raba su na kwana biyu cur, sa'an nan a mayar, wadda takan tayar da sha'awar barbara ga saniyar da jikinta bai lalace ba. Dangwali ya riga ya yi rabin wannan aiki. Abin da ya rage shi ne kwanon dusa a gabansa.

Tumaki

Lissafin tumaki ya fi sauƙi, domin a gidajen Hausawa ba a tatsar tunkiya, saboda haka babu ƙwaryar da za ta yi kuka. Cikin tunkiya wata biyar ne. Nononta yana kai ƙarshen yawansa a mako na uku ko na huɗu bayan haihuwa, daga nan ya yi ta raguwa, ta yadda in an kai wata biyu abin da ɗan yake samu daga gare ta bai taka kara ya karya ba. Tumakin ƙasar nan, 'yan ƙasa da uda da balami, ba su da lokacin barbara ƙayyadadde kamar na ƙasashen sanyi. A Cibiyar Binciken Dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, wadda ta samo asali daga gonar shanu da aka kafa a 1928, an yi aiki mai yawa a kan tumaki 'yan ƙasa, inda ake yaye 'ya'yan a wajen wata uku. In aka haɗa wata biyar na ciki da uku na shayarwa an sami takwas, watau haihuwa uku a shekara biyu, muddin tunkiyar tana ƙoshi. Ana iya saukowa zuwa wata biyu in ɗan ya ninka nauyinsa na haihuwa sau uku kuma yana cin dusa da harawa sosai. Tagwaye sun fi bukatar a fara ba su abinci da wuri, don nonon da aka raba biyu ba ya isar kowannensu.

Matan aure a Auyo da Kaugama da suke turke raguna don Babbar Salla suna da wani dalili na daban na kula da wannan. Ragon layya sai ya cika shekara, kuma girman da zai yi a turke ya danganta da yadda tumbinsa ya ginu tun yana ƙarami. Ɗan ragon da aka raba da uwarsa farat ɗaya, aka kai shi kasuwar Maigatari ko ta Gujungu tun bai san dusa ba, shi ne wanda yake tsumburewa a hannun wadda ta saya, ciki ya kumbura, gashi ya tashi, ya yi wata biyu yana zawo kafin ya farfaɗo, in ya farfaɗo. Masu saye da suka ƙware sukan tsaya su ga ko ɗan ragon yana tuƙa, su miƙa masa ɗan ganyen harawa su ga yadda zai karɓa, kafin su shiga ciniki da dillali.